Jan Zanen Daeng Patunru

Ranar da jirgin Daeng Patunru ya dawo garinsu Bira, ko mace ɗaya ba ta yi guɗa ba. Hantsi ne, rana ta fito tarwai, mata suna shanya kifi a kan rairayi. Wata tsohuwa ce ta fara ɗaga kai ta hango shi. Ta saki faifan hannunta, ta yi salati, ta kama hanyar gida tana tuntuɓe. Kafin a jefa anka bakin teku ya zama wayam, sai awaki da kifin da aka bar musu.

Jumakka mai dafa abincin jirgin, tsoho ne da haƙoransa suka ƙare amma bakinsa bai gaji ba, ya leƙa ya ce, "Nakoda, ko warinmu ne ya riga mu sauka? Sai da na ce ku yi wanka."

Patunru bai yi dariya ba. Shi ne nakoda, shugaban jirgin kuma mai shi, ya kuma san yadda jirginsa Bunga Tanjong yake a idon mai kallo daga gaɓa. Jigon gaba, wanda ake ɗaura babban ƙyallen iska a kansa, ya zama kututturen kwakwa. Shi ma ƙyallen rabinsa tabarma ce. Amma ko da haka, jirgin da ya dawo gida ai ba gudunsa ake yi ba. Ya juya ya dubi gefen dutse, sai ga Sinar Laut, jirgin ƙanensa Sampara, an ja shi kan tudu, an shafe shi da sabon farin fenti yana ta ƙyalli.

Tare suka taso daga birnin Surabaya a farkon iskar yamma. A wurin mutanen Bira, jirage biyu in za su tashi tare, sai nakodojin su zauna a bakin ruwa su ci shinkafa a kwano ɗaya. Daga nan babu mai barin wani. Wanda ya shiga uku sai ya kwance zanen ƙugunsa ya ɗaura a kan jigo, ɗan'uwansa kuwa ko yana tsakiyar salla ne ya sallame ya juyo. Su biyun nan ma ba sa bukatar kwano, nono ɗaya suka sha. Patunru ne ya goya Sampara bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya koya masa karanta launin ruwa da sunayen taurari, shi ya tsaya masa har aka damƙa masa jirgi.

Bayan sun wuce tsibiran Masalembo hadari ya rufe su. Jigon gaba ya karye, ruwa ya tsinke katakan tuƙi duka biyu ya tafi da su. Da gari ya waye iska ta ɗan lafa, sai ga Sinar Laut kusa, kusa ƙwarai, har Patunru yana gane rawanin ƙanensa. Ya kwance jan zanensa mai ratsin baƙi, ya hau da kansa ya ɗaura a jigon baya. Sinar Laut ya karkato hanci wajensu. Ya taho, ya taho, sannan a hankali ya mai da hanci gabas ya tafi.

Mutanen jirgin suka juyo suna kallon nakoda. Shi kuwa ya ce, "Bai gan mu ba. Ruwa ne a idonsa."

Haka ya yi ta faɗa har ruwa ya jefa su wani ɗan tsibiri na masu kamun kunkuru, inda babu jirgin da ke zuwa sai iska ta juya. Haka ya yi ta faɗa duk watannin da suka yi suna sassaƙa kututture suna cin rogo. In wani ya buɗe baki zai ambaci Sampara, sai ya daka masa tsawa. Ya maimaita maganar har ta kusa zama gaskiya a kunnensa.

Yanzu ga shi yana tafe cikin gari, ƙofofi suna rufuwa a gabansa. Matarsa Rannu ce kaɗai ba ta gudu ba. Tana tsaye a saman tsanin gida, ba ɗan kunne, ba kwalli, ta rame kamar sandar saƙarta.

"Tsaya nan," in ji ta. "Kai ne, ko abin da ya cinye ka?"

"Ni ne, Rannu."

"Yi salati in ji."

Ya yi. Ta sauko taki ɗaya, ta miƙa hannu ta mintsini kunnensa da ƙarfi. Da ya ce wash, sai ta zauna a kan tsanin tana kuka tana dukan ƙirjinsa. "An yi maka salla, Daeng! An yi sadaka, an yanka akuya, mutane sun ci sun lashe hannu. Takaba nake yi maka!"

Ya ɗauke ta suka hau. Yana shiga ɗaki idonsa ya tafi inda yake zuwa duk ranar dawowa, kan babban ginshiƙin tsakiyar gida. Igiyar tana nan tana lilo. Abin da ke jikinta babu.

Duk jirgin da aka gina a wannan gaɓa, ranar da aka shimfiɗa ƙashin bayansa, wato dogon katakon gindinsa, magini yakan yanke guntu a gaba, ya yanke guntu a baya. Na gaban a jefa shi teku, don can nakoda zai tafi. Na bayan a miƙa wa matar nakoda ta rataye a gida. Muddin yana rataye, jirgin yana da inda zai koma. Ba a sauke shi sai jirgi ya nutse, sai a kai shi ruwa ya bi ɗan'uwansa.

"Ina guntun?" in ji Patunru.

Rannu ta share fuska da bakin mayafi. "Sampara ya ce ya ga nutsewarku."

"Ya ce ya ɓace mana a hadari, dai."

"Daeng, ni ba yarinya ba ce. Na tsare shi a wannan ƙofar, na ce, Sampara, gani ka yi, ko ɓatar da su ka yi? Don in ɓatarwa ce, zan riƙe katakon nan har haƙorana su zube. Ya ce gani ya yi da idonsa, ruwa ya haɗiye ku har kan jigo. Ya je masallaci ya faɗa gaban liman, ya dafa Alƙur'ani. Duk da haka na ƙi. Sai matan mutanenka suka taru a ƙarƙashin gidan nan, wai ina riƙe da mazajensu tsakanin ruwa da ƙasa, ba su huta ba. Na sauke." Sannan ta ƙara, "A kwalekwalensa muka je. Shi ya tuƙa ni."

Patunru ya zauna a ƙasa.

Da la'asar gari ya gane mutane ne suka dawo ba fatalwa ba, gidan ya cika. Sampara ya zo cikin jama'a, ya faɗi ya rungume ƙafafun wansa yana kuka har da majina. "Yaya, igiyar ruwa ce ta rufe ku, na duba na duba ban ga komai ba. Idona ne ya yaudare ni." Mutane suka yi ta cewa Allah mai iko, hadari ai haka yake, ba mai ganin tafin hannunsa. Patunru ya dafa kan ƙanensa. Ya lura dai yaron bai ɗago ya dube shi ba ko sau ɗaya.

Iskar gabas ta kusa kamawa, lokacin tashi ke nan. Patunru ya sa aka ja Bunga Tanjong kan tudu, ya aika a kira mutanensa a fara gyara. Jumakka kaɗai ya zo, yana sosa ƙeya.

"Ina sauran?"

"Wannan ciwon ciki, wancan ciwon baya. Ɗaya ma wai kakarsa ce ta rasu, ita da muka binne tun ina da haƙora."

"Jumakka."

Tsohon ya daina wasa. "Nakoda, ka san ni. Ko cikin kwarya ka shiga ka ce Surabaya, zan ɗauko tukunyata. Amma wannan jirgin an sallame shi. Guntunsa biyu suna ƙasan teku suna kiransa. Matata ta ce in na taka shi, ta riga ta iya takaba, ba sai an koya mata ba."

"Jirgin da bai san gida ba, shi ya kawo ku gida?"

"Amana ya sauke, Nakoda. Ya kawo mu ya ajiye. Ba a roƙonsa sau biyu."

Babu amfanin musu. Mutumin teku zai yarda ya hau jirgi mai yoyo, amma ba zai hau wanda aka yi wa jana'iza ba. Patunru ya kama hanyar gidan Puang Tojeng, tsohon maginin da ya shimfiɗa ƙashin bayan jirgin da hannunsa. Ya same shi a inuwar rumfa yana wasa gizago, idonsa ɗaya ya yi fari.

Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya tofar da jan yawun goron bakinsa. "Ɗana, jirgi sau ɗaya ake yanka masa guntu, kamar cibiya. In an jefa shi a kan kuskure, hukuncin Allah ne, ya jefu. Sai ka cire ƙusoshinka ka yi rumfar awaki."

"In kuma ba kuskure ba ne?"

Puang Tojeng ya ajiye gizagon, ya juyo da idon mai gani. "Me ka ce?"

"Na ɗaura zane, Baba. Ya juyo. Ya zo har ina ganin rawaninsa."

Karo na farko ke nan da maganar ta fito daga bakinsa.

Tsohon ya daɗe yana shafa gemu. "To, wannan daban. Abin da aka jefa a kan ƙarya teku ba ta karɓe shi ba. Ban taɓa yi ba, amma na ga kakana ya yi. Wanda ya yi rantsuwar ya zo da rana, gaban jama'a, ya dafa ƙashin bayan jirgin ya ce: na gan shi a kan ruwa, na tafi na bar shi. In ya faɗa, zan sa zarto in yanke sabon guntu in ba Rannu, kowa ya hau."

"Mutanena duka sun gani."

"Mutanenka suna son jirginsu ya rayu, wa zai kama maganarsu? Bakin da ya ɗaure shi ne zai kwance. Amma ka san abin da kake roƙonsa. Nakodan da ya ga zane ya wuce, ko yaron wanke tukunya ba zai ƙara binsa ba."

Patunru ya sani. Ko jirginsa, ko na ƙanensa.

Ya sami Sampara a ƙarƙashin cikin Sinar Laut yana cusa zare a tsagar katako. Ma'aikatan suna ganin wanda ke zuwa suka tuna suna da aiki a wani wuri.

"Yaya, sannu da zuwa. Bari a kawo gahawa."

"Bar gahawa. Wane launi ne zanena?"

Gudumar ta tsaya a hannun Sampara. "Yaya, na faɗa maka, ruwa ne ya..."

"Kai, ɗan ƙaramin nan. Ni na wanke maka kashi. Ni za ka gaya wa ruwa? Wane launi ne?"

Sampara ya sunkuyar da kai. Can ya ce, da muryar da ba ta fi ta sauro ba, "Ja ne. Mai ratsin baƙi."

Patunru ya jingina da jikin jirgin. Ya ɗauka in ya ji zai ji sauƙi. Bai ji ba.

"Akwai duwatsu a bayanku, Yaya. Na ga farin kumfa. In na matso, iska za ta haɗa mu ta buga. Mutanena suna ihu, suna kama ni. Na ji tsoro. Wallahi tsoro na ji."

"Tsoro ba komai ba ne. Ni ma na jiƙa zanena a teku ba sau ɗaya ba, ba kuma da ruwan gishiri ba. Da ka zo gida ka ce, na ga Yaya, na kasa kai masa, da Rannu ta zage ka ta riƙe katakonta, da yanzu muna dariya. Me ya kai ka masallaci?"

"In na ce na gan ka, za a tambaye ni zane."

"Sai ka kashe ni don kada a tambaye ka."

"Na ɗauka ka mutu! Babu jigo, babu tuƙi, wa ke rayuwa a haka?"

"Ka ɗauka. Ka tuƙa matata a kwalekwale a kan ka ɗauka."

Sampara ya zauna a kan rairayi ya rufe fuska. Patunru ya faɗa masa hukuncin Puang Tojeng, bai rage komai ba, har da abin da zai biyo baya. Sannan ya ce, "Ba zan bar ka ba. In mutane sun guje ka, ka dawo jirgina ka riƙe mini tuƙi kamar da. Shekara kaɗan za a manta. Ko ba a manta ba, ni na manta. Amma jirgin nan shi ne abin da nake da shi, Sampara. Na tsufa, ba zan ƙara gina wani ba."

Ƙanen ya kama hannunsa ya ɗora a goshi. "Zan faɗa, Yaya. Na gaji da ɗaukarsa, ko barci ba na yi. Ranar Juma'a da hantsi. Ka bar ni in shirya matata tukuna."

Patunru ya koma gida da sauƙin ƙafa. Rannu tana bakin masaƙarta, ta ji labari, ba ta daina jefa ƙoshiya ba.

"Ya yi kuka?" in ji ta.

"Ya yi."

"Ni ma ya yi mini."

"Ɗan'uwana ne, Rannu."

"Ban ce ba shi ba ne."

Duk da haka ita ta tashi da aikin. Ta dafa shinkafa mai danƙo, fara da baƙa, ta murza ƙwallayen garin shinkafa masu zaƙin kwakwa a ciki, ta nemo farin zakara da nonon ayaba. Jumakka ya zaga gari yana shela cewa Puang Tojeng zai yi aiki a kan Bunga Tanjong, duk mai son ya ji abin da zai sa kunnensa ƙaiƙayi ya zo da wuri.

Ranar Juma'a Patunru ya farka ya ji iska tana shigowa ta tagar gabas, busasshiya, mai daɗi, irin wadda nakoda ke jira. Ya ce alama ce mai kyau. Ya ɗaura jan zanensa, wanda Rannu ta wanke ta ɗinke yagewarsa, suka sauka bakin teku da faranti a kai. Jama'a sun riga sun taru a kewayen jirgin. Puang Tojeng yana tsugune a gindin ƙashin baya da zartonsa naɗe cikin farin ƙyalle.

Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne shirun. Babu mai kallonsa. Kowa ya juya wajen dutse.

Inda Sinar Laut yake babu komai sai dogon sawu a kan rairayi da gungumen da aka gangarar da shi a kai. Can a bakin mashiga kuwa ga shi, duk ƙyallayensa a buɗe, farare tas, iska ta cika su, yana yanka ruwa ya nufi yamma. Bai yi nisa ba. Mai ido zai iya gane rawanin wanda ke riƙe da tuƙi.

"Da asuba suka tura shi, da cikar ruwa," in ji Jumakka a hankali. "Ya ɗauki rabin mutanenmu, Nakoda. Ya ce musu kai ka yarda."

Patunru ya tsaya yana kallo. Wani abu a cikinsa har yanzu yana jira jirgin ya karkato hanci. Ya ma buɗe baki, tsohuwar maganar nan ta bai gan mu ba ta zo har kan harshensa. Ya haɗiye ta.

Puang Tojeng ya miƙe da ƙyar, ya saƙale zarton a hammata. "Ka yi haƙuri, ɗana. Ba zan yanka a kan maganar da ba a faɗa ba." Ya dubi farantan. "Ku ba yara su ci, kada ya lalace."

Rannu ta sauke nata farantin a ƙasa. Ba ta ce na faɗa maka ba, wannan kuwa ya fi masa ciwo.

Sai Patunru ya kama igiya ya haye jirginsa. Mutane suka zaci kayansa zai kwaso. Ya wuce ɗakin nakoda, ya rungumi jigon baya, ya fara hawa, tsoho da shi, ƙafa da hannu, yana hutawa yana ci gaba. Da ya kai ƙoli ya kwance jan zanen daga ƙugunsa, ya rage daga shi sai gajeren wando, ya ɗaure shi tam. Iskar gabas ta ɗauke shi ta baje.

A bakin teku babu wanda bai san ma'anar zane a kan jigo ba. Jama'a suka dubi zanen, suka juya suka dubi Sinar Laut. Daga can ma ana ganinsa, babu hadari, babu hazo, rana tarwai. Kowa ya ga kawunan mutanen cikin jirgin suna juyowa. Kowa ya ga hancinsa bai motsa ba, har ya sha kwanar dutse ya ɓace.

Bunga Tanjong bai ƙara taɓa ruwa ba. Rana ta buɗe tsagoginsa, awaki suka mai da inuwarsa wurin kwana. Patunru ya koma kamun kifi da ƙugiya a ɗan kwalekwale, Jumakka yana yi masa surutu a baya. Amma bai bari an cire ko ƙusa ɗaya ba, bai kuma sauke zanen ba. Duk sa'ad da gishiri da rana suka cinye jansa, Rannu takan zauna a masaƙa ta saƙa wani, ja mai ratsin baƙi, shi kuma ya hau ya canja.

Da iskar yamma ta dawo da jiragen Bira gida, abin da kowane nakoda ke fara hangowa ke nan daga bakin mashiga. Sinar Laut ma ya zo, ya tsaya daga nesa, ya daɗe yana lilo a kan ruwa. Sannan ya juya ya je ya jefa anka a wata gaɓa. Can Sampara ya kwashe iyalinsa ya koma, can ya tsufa.